Ranar da na karya kusar inji

Ni direba ne. Na yi shekaru ina jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Tasawa, da wata tsohuwar mota mai silinda 4. Ga abin da ya same ni, ko wani zai ƙaru.

A jikin kowane inji akwai wani ƙarfe da ke tara hayaƙi. Bututu huɗu ne ke fitowa daga inji, su haɗu wuri guda, sannan hayaƙin ya bi salansa ya fita ta baya. Na asali ƙarfen zubi ne, mai nauyi. Nawa ya tsage a 1994, shekarar da darajar kuɗin sefa ta ragu da rabi. Kayan mota suka yi tsada. Sai na sayi wani mai araha, wanda aka haɗa da walda. Ba shi da nauyi, kuma ya zauna daidai. Na ce na tsinci dami a kala.

Bayan ƴan watanni na fara jin wata ƙara da safe: tak, tak, tak. In inji ya yi zafi sai ta ɓace. Na ce ba komi. Ashe hayaƙi ne ke yoyo ta bakin inji.

Wata rana lokacin ɗari muka tashi da asuba, gilasai duk a rufe. Kafin mu kai Gazawa kaina ya soma ciwo. Sai wata tsohuwa ta ce:

"Direba, tsaya! Yaron ga ya yi laushi."

Na tsaya, muka fitar da jikanta, ya sha iska, ya yi amai, sannan ya dawo hayyacinsa. Daga baya na sani cewa cikin hayaƙin mota akwai wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri, in ta yi yawa ta kashe mutum.

Da na koma gida, ko ruwa ban sha ba, na ɗauko lakile mai lamba 13. Inji na da zafi, ni kuma ina sauri. Noti na farko ya kwance. Na biyu ya ƙi. Na sa ƙarfi, sai na ji ƙas! Kusar ta karye, guntunta ya maƙale cikin inji. Ga ƙuna a hannu, ga mota a kwance.

Na tafi wurin wani dattijon makanike. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce:

"Ɗana, ƙarfe ba ya son faɗa. Lallashi nai a kai."

Ya cire wayar batir. Ya ɗora noti bisa guntun kusar, ya yi masa walda, ya bari ya huce, ya murɗo shi a hankali. Sauran noti shida ya shafa musu gazuwal, ya ce su kwana su jiƙa.

Da safe muka kama aiki, inji da sanyi. Muka fara kwance mahaɗar ƙasa, inda bututun ya haɗu da salansa. Sannan notin sama, kowane a sassauta shi kaɗan, a wuce na gaba. Wanda ya yi gardama, a ɗan ɗaure shi, a sake sassautawa, har ya yarda.

Da ƙarfen ya fito, dattijo ya nuna mini baƙin hayaƙi a bakin bututu na uku. Ya aza ƙarfen awo bisa fuskar, muka ga haske na wucewa ta ƙarƙashi. Zafi ya lanƙwasa ta. Muka kai aka goge ta, ta daidaita.

Na so in maida tsohon juwan, wato shimfiɗar da ke shiga tsakanin inji da bututu. Ya ce:

"A'a. Wanda ya sha matsa ya sha wuta, ba ya riƙe iska kuma. Tahi ka sawo sabo."

Wajen maidawa, muka kankare tsatsa, muka sa sabon juwan. Noti takwas duk da hannu muka fara ɗaura su, don kada zaren kusa ya lalace. Sannan muka matsa da lakile, daga tsakiya zuwa gefe, sannu sannu. Mahaɗar ƙasa ita ce ta ƙarshe. Na tada inji, ba ƙara, ba hayaƙi. Ya ce in na yi tafiya ɗaya ko biyu, in bari inji ya huce in ƙara matsawa, don zafi na sa noti ya saki.

Kwana uku motata ba ta fita ba. Na yi asarar kuɗi, amma yaro ya rayu, alhamdu lillahi. Yanzu da na iya rubutu, na rubuta matakan nan cikin littafina, ina koya wa yaran tasha.

Ƴan uwa direbobi, in kun ji ƙarar nan da safe, ko kun ga baƙi a gefen inji, kada ku ce gobe. In kun tashi gyara kuwa, ku bari inji ya huce. Sauri ya haifi nawa.