Taron-Dangi

A ƙarƙashin gadon Goggo, a gidanmu da ke unguwar Sabo ta birnin Ibadan, akwai wata tsohuwar adaka wadda tsatsa ta fara ci. A cikinta akwai bargo guda ɗaya, a naɗe cikin farin zane. Ƙyallaye ne aka harhaɗa da zare da allura, kowanne bai fi tafin hannu ba. Tun muna yara Taron-dangi muke kiransa, domin Kaka, wadda ta ɗinka shi, takan ce ƙyalle ɗaya ba ya iya faɗa da sanyi, sai sun yi masa taron dangi. A bara saura ƙiris mu sayar da wannan bargo. Yadda muka kai ga haka, da abin da ya tsai da mu, shi ne muke so mu labarta wa mai karatu.

Mu jikokin gida ɗaya ne, mu goma sha ɗaya, dukkanmu kuwa a Sabo aka yanke mana cibi. Unguwar ta girme mu nesa ba kusa ba. A 1916 aka keɓe ta ga Hausawa, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, fatauci ya buɗe, shanu suna gangarowa kudu, goro yana hawa arewa. Goron nan ne ya kawo kakanmu namiji Badun, kamar yadda tsofaffinmu suke kiran garin. Da ya kafu, sai aka ɗauko masa amarya daga birnin Zazzau, tun kafin a ba da mulkin kai. Daga tashar jirgi Kaka ta shiga kulle. Ba ta san Dugbe ba, ba ta san Gbagi ba, sai dai a bakin yara. Duk abin da take bukata na kasuwa ƙafafun 'ya'yanta ne suke kawo mata shi, daga baya kuma namu.

Kowace Alhamis takan ba mu buhu, mu bi shagunan teloli muna kwasar abin da almakashi ya zubar. Wasu su ba mu kyauta, wasu a aika musu da ƙosai. In mun kawo, sai ta zazzage a tabarma ta shiga tsinta. Da fari takan wanke kowane ƙyalle, domin ta gane mai zuba ta fid da shi. Sa'an nan ta shanya, ta goge da dutsen guga na gawayi, ta daidaita gefuna. Daga nan sai haɗi: wannan a jikin wancan har su yi tsawon kamu huɗu, sa'an nan ta jera dogayen ta haɗe su, kamar yadda ake haɗa saƙi ƙwarya-ƙwarya a yi riga. Wannan ita ce fuskar bargo. A ƙarƙashinta takan shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyu ko uku, a can baya kuma akoko, irin wanda masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, take fitarwa. Aikin da ya fi cin rai shi ne na ƙarshe. Takan fara daga tsakiya, ta bi da ƙananan ɗinki layi-layi zuwa gefe, tsakanin layi da layi faɗin yatsa ɗaya, domin kada cikin ya dunƙule in an wanke. Bargo ɗaya yakan ci mata kusan wata goma.

A ina macen kulle ta samo wannan sana'a, alhali kuwa a ƙasar Hausa ɗinki aikin maza ne tun asali? A wurin mahaifinta ta gani. Shi maɗinkin lifidi ne a Zazzau, watau rigar nan mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa, wadda ake cusa wa audugar rimi a tsakanin yadi biyu, a bi ta da ɗinki domin ta tare kibiya. Yaƙi ya ƙare tun kafin a haifi Kaka, lifidi ya zama adon hawan Sallah, amma ana ɗinka shi. Da idon tsohon ya yi rauni, ita ce mai zura masa zare, tana zaune kusa da gwiwarsa tana kallon hannunsa. Da ta zo kurmi sai ta lura auduga tana shan laima ta yi fumfuna, saboda haka ta musanya ta da tsohon zane. Ashe abin da muke lulluɓa da shi a sanyin damina jikan sulken barade ne, mu kuwa ba mu damu mu sani ba.

Barguna da yawa ta yi, ta rarraba wa masu jego da amare. Taron-dangi kaɗai ta riƙe wa kanta, domin babu ƙyallen tela ko ɗaya a jikinsa. Duk na gida ne. Da dare, in an ɗauke wuta, takan jawo fitilar ƙwai ta karanta mana shi da yatsa, sai ka ce mai bitar allo. Wannan shuɗin saƙi daga hannun rigar kakanku ne, mai aska biyu, wadda ya zo neman aurena da ita. Wannan atamfa ankon bikin uwar wance ne. Wannan adire kyautar maƙwabciyarmu ce Bayarabiya, ranar sunan ubanku. Wannan ashoke daga kasuwar Oje aka sayo shi. Wannan kaki wandon makarantar Kawunku ne, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, watau 1973. Akwai wani farin alawayyo a daidai tsakiya wanda ba ta taɓa faɗin labarinsa ba. In yatsanta ya iso kansa, sai ta ɗora tafin hannu ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta wuce.

A kusurwoyin bargon huɗu akwai 'yan duwatsun ado da ta ɗinke da zaren lilo. Waɗannan daga wajen Kawu suka fito. Shi baduku ne, amma tun yana saurayi ya gane cewa kasuwarsa ba ta kube da zabira ba ce. Yakan sayo tsakiyar kwalba wadda masagan Bida suke narkawa, da jan dutse na Ilori, da wuri, da 'yan azurfa irin na Agadas, ya murza jar fata ko baƙa ya shirya su abin wuya da na hannu. Ya ɗaure a bayan keke, ya nufi gidajen malaman Jami'ar Ibadan da otal ɗin da ke kan dutsen Mokola, ya baje wa Turawa. A zamanin nan samarinsu da 'yammatansu sun shiga yayin wani ado da suke kira bohemiyan, wanda ba ya son zinariya da ƙyalƙyali, sai fata da wuri da duk abin da hannu ya yi. Mu ne masu shirya masa duwatsu a zare, yana biyanmu da alewa. Mukan yi dariya a ɓoye, muna mamakin masu kuɗin da suke rataya abin da ko 'yar talla ba za ta sa ranar Sallah ba. Duwatsun da suka faɗi ƙasa Kaka take tsintewa.

To, ranar da babban yayanmu zai tafi makarantar kwana, Kaka ta ɗauko Taron-dangi da kanta ta sa masa a akwati. Wannan ba ƙaramar karramawa ba ce. Hutun farko ya dawo da shi a ƙasan kaya, ya jefar a tsakar gida, idonsa jawur. 'Yan ɗakinsu sun yi masa ature, sun ce ai dama bara ce sana'ar mutanen Sabo, ga shi har bargonsu ma roƙo shi aka yi gutsure-gutsure. Kaka ta ɗauka ta kakkaɓe, ta ce, "Maigidan, ka koma ka tambaye su. A cikinsu wa aka taɓa zama wata goma ana yi masa abin rufa?" Bai koma ya tambaya ba. Maganar yaran nan ta shige mu duka, har waɗanda ba su je makarantar ba. Daga ranar muka fara ƙyamar zuwa shagon teloli da buhu. Muka tasa iyayenmu a gaba sai da aka saya mana bargon gwanjo mai hoton damisa, wanda ya cika kasuwa bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986.

Ba da daɗewa ba idon Kaka ya fara hazo, kamar na mahaifinta. Takan ɗaga allura wajen haske ta yi ta laluben kafa, sa'an nan ta yi kira: "Ke kishiya, zo ki zura mini zare." Wadda aka kira ta zura a tsaye, ido yana kan talabijin ɗin maƙwabta, ta ruga. Babu ɗayanmu da ya zauna kusa da gwiwarta. Hanyar da sana'ar ta bi ta shigo hannunta, ita ce aka buɗe mana, muka ƙi shiga. Wannan laifi namu ne, ba mu da wanda za mu ɗora wa.

Da Allah ya yi mata rasuwa aka zo rabon gado, an lissafa tasoshi da kwalla da murjani da gadon ƙarfe. Ba wanda ya ambaci bargon. Ya yi shekaru ana rufe buhunan masara da shi a zaure, har ɓera ya ci gefe guda, kafin Goggo, autar Kaka, ta gan shi ta yi salati, ta wanke ta sa a adaka.

A bara wata baiwar Allah, mai sayar da kayan hannu ga mutanen ƙasashen waje ta intanet, ta zo Sabo canjin kuɗi. Ta tambayi inda za ta sami tsofaffin duwatsun wuya, aka kwatanta mata gidan marigayi Kawu. Garin neman ragowar kayansa Goggo ta buɗe adaka, matar ta hangi bargon. Ta daɗe tana shafa ɗinkin bayansa, tana ƙirga layukan. Sa'an nan ta taya shi da kuɗin da ya sa muka dubi juna. Ba ta yi mana wayo ba, ta faɗa mana gaskiya cewa za ta sami riba a kansa.

Kuɗin nan kuwa ya zo a kan gaɓa. Ɗaya daga cikinmu rumfarsa ta ƙone a rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, har yanzu bai gama farfaɗowa ba, ga 'yarsa ta sami gurbi a jami'a, babu kuɗin rajista. Abin da aka taya ya isa ya biya shekara guda. Muka taru a ɗakin Goggo bayan isha'i, muka rabu biyu. Wasu suka ce tsumma ba ya fin ilmin yarinya, Kaka ma da tana raye da ita za ta fara miƙa shi. Wannan magana tana da ƙarfi, har yau ba mu ce ƙarya ba ce. Wata 'yar'uwarmu malamar makaranta ta kawo labarin matan wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, waɗanda suke haɗa barguna da tsofaffin tufafin gona. A 2002 aka rataya aikinsu a manyan gidajen nune-nune, a 2006 aka buga hotonsa a kan sarki. Sai yayanmu, wanda ya taɓa jefar da bargon, ya ce a hankali, "Watau sai da baƙo ya taya muka san muna da kaya." Ɗakin ya yi tsit.

Goggo ce ta ce a shimfiɗa shi. Ta sa tabarau, ta fara karantawa da yatsa kamar yadda uwarta take yi. Ta faɗi goma, ta tsaya. Ta tsallake uku, ta ce waɗannan sun shige mata. Muka ce, "Goggo, farin nan na tsakiya fa?" Ta ce, "'Ya'yan nan, ashe ba ta faɗa muku ba? Ragowar likkafanin ɗanta na fari ne. Ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara biyu, ita kuwa tana baƙuwa a garin nan, ba uwa ba uba." Uban yarinyar, mai bukatar kuɗin, shi ne ya fara kama gefen bargon yana naɗewa.

A daren muka yi karo-karo. Bai cika ba, sai da biyu daga cikinmu suka ci bashi, ɗaya ta sayar da 'yan kunnenta. Washegari muka ba baƙuwar haƙuri, ta karɓa da mutunci. Muka sayo littafin rubutu, muka zana bargon gida-gida, muka ƙirga ƙyalle 240. Goggo ta gane 97, muka rubuta sunan mai kowanne da sababinsa. Sauran 143 suna nan a gabanmu, launinsu bai gushe ba, amma mai labarinsu tana kushewa. Ko nawa muka tara, wannan ba mai sayar mana da shi.

Yanzu kowace Juma'a bayan la'asar yaranmu, maza da mata, sukan zauna gaban Goggo da allura. Ita ma ba gwana ba ce, abin da idonta ya riƙe take nuna musu. Akokon Kaduna babu shi, masaƙar ta rufe tun 2002, sai yadin waje muke sawa a baya. Abin da suka haɗa zuwa yanzu bai fi sallaya ba, layukan sun karkace kamar hanyar tururuwa, Kaka da ta gani da ta sa an warware. 'Yar jami'ar, in ta zo hutu, ita ce mai zura wa Goggo zare, kuma mun ce mata ta riƙa yi a zaune.

Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan Kawu, ya kai haske kabarinsu. Mu kuma ya yafe mana sakacinmu, amin.