Liƙi da wahalar mai hoton biki

Duk mai hoton da ya saba ɗaukar bikin 'yan fim ya san lokacin liƙi ne ya fi ba shi wuya. Ƙawaye su yi wa amarya rumfa, wannan ta manna mata kuɗi a goshi, waccan ta tare kyamara da gwaggwaro. In hoto ya fito, daga hannuwa sai ƙeya. Ga 'yan naira ashirin na leda, filasha na dukan su sai ƙyalli.

A Ingila yankakkun takardu masu launi ake watsa wa ango da amarya. Jama'a su yi sahu biyu, a watsa sama, ba a fuska ba, ma'auratan su taho a hankali kai a ɗage. Manyan yanka sun fi daɗewa a iska, mai hoto ya samu ya danna sau da yawa.

Wallahi wannan ta fi sauƙi, domin hoton liƙi kan iya zama shaida a kotu. Tun 2007 dokar Babban Bankin Nijeriya ta hana liƙi da naira: ɗaurin aƙalla wata shida, ko tarar aƙalla N50,000, ko duka biyun. A 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida kan wannan laifi, kuma bidiyon liƙin na cikin hujjojin da EFCC ta gabatar.