Kwikwiyon Da Na Kawo Gida

Bara da hutun damina na sauka Gummi da kwikwiyo cikin kwali, irin wanda Turawa ke kira Labrador, wani malaminmu ya ba ni. Na tanadar masa tsohon buhu da kasko, an kuma yi masa allurar haukan kare. Baba kaɗai na manta ban shirya wa ba.

Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Malamai sun yarda da kare don farauta, ko tsaron gona, ko na dabbobi. Wanne naka zai yi?" Na ce gadin awaki. Ya ce to, zuwa kaka.

Jama'a, kare ya girma, ga cin tuwo kamar gara, amma ko baƙo ya shigo da tsakar dare sai ya tarbe shi da kaɗa wutsiya. A ƙasarmu kuwa, inda ɓarayin shanu suka hana mutane barci, haushin kare ba abin wasa ba ne. Ashe kakanninsa karnukan masunta ne a Kanada, aikinsu ɗauko abu daga ruwa. Laifina ne, ban bincika ba.

Da aka yanke gero, Kawu, maharbi ne a Bukkuyum, ya zo ya gwada shi a gulbi. Ya jefa sanda, kare ya faɗa ruwa ya kawo. Kawu ya ce, "Ɗana, wannan nawa ne."

Har yau kaskon na nan bayan rumbu, kaji ke shan ruwa a ciki.