Ɗan Aiken da Aka Hana Yin Ihu

Da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗaliban wannan sashe sun san cewa bayan karatun Hausa ina ɗan taɓa sana'ar gina shafukan intanet, domin da ita nake rage wa iyayena nauyin kuɗin makaranta. Sau da dama akan tambaye ni, wai me ya haɗa kifi da kaska? To ga amsa guda ɗaya, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri idan ya ga na shiga fagen da ba a saba gani a wannan mujalla ba.

Harshen da nake aiki da shi sunansa PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. A cikinsa akan rarraba aiki guntu-guntu, kowane guntu ana ce masa aji. Wannan aji ya san yadda ake karɓar kuɗi, wancan ya san yadda ake aika wasiƙa, kuma bisa al'ada kowane aji da fayil ɗinsa. Manyan tsare-tsaren gini irin su Laravel da Symfony suna tafe da dubban azuzuwa. A da, dole mai rubutu ya jera sunayen duk fayilolin da zai buƙata da hannunsa. Da PHP 5 ta fito a 2004 sai ta zo da sauƙi: ka ambaci sunan aji kawai, idan ba a riga an ɗauko shi ba, akwai ɗan aiken da zai je ya nemo fayil ɗin. Ba da daɗewa ba aka ba da damar jera 'yan aike da yawa a layi ta hanyar spl_autoload_register, in na farko bai kawo ba a tura na biyu, har a kai ƙarshen layi.

Tambayar ita ce, idan ɗan aike ya je bai samu ba, me zai yi? Hankali zai ba mutum cewa ya yi ihu kowa ya ji. Amma ƙa'idar PSR-4, wadda aka amince da ita a 2013, ta haramta masa haka. Ba zai jefa ƙorafi ba, ba zai tayar da kuskure ba kowane iri ne. Ya dawo hannu rabbana, ya koma gefe, ya yi shiru.

Ni dai Hausa ba harshen uwa ba ce gare ni, a aji da kasuwa na koye ta, saboda haka wannan doka ba ta yi mini wuyar ganewa ba. Idan na ci karo da baƙuwar kalma nakan fara da ƙamusun Paul Newman na 2007, don ya fi sauƙin ɗauka. In babu, in duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. In har yanzu babu, sai in koma wa Bargery na 1934, kakan ƙamusoshi, inda tsofaffin kalmomi ke kwance. A ce na farko yana da baki, ya ce mini "wannan ba Hausa ba ce, rufe littafi," ai da ya cuce ni. Iyakar abin da ya sani shi ne babu ita a wurinsa. Hukuncin cewa babu ita ko'ina ba nasa ba ne, sai an gama zagaye. Haka abin yake a PHP. Sai layi ya ƙare ita da kanta take sanar da cewa ba a ga aji kaza ba, kuma tun daga PHP 7 ta 2015 mai rubutu yana iya cafke wannan kuskure ya nuna wa baƙo saƙo mai ladabi maimakon shafi ya mutu.

Akwai wani dalilin kuma. Wani lokaci manhaja tambaya kawai take yi da class_exists, wato ko akwai aji kaza, in akwai a yi amfani da shi, in babu a bi wata hanya. A nan "babu" amsa ce, ba masifa ba. Ɗan aike mai ihu zai mai da tambaya rigima.

To amma fa shiru iri biyu ne, kuma a nan ne gizo ke saƙa. A wani hutu an ba ni gyaran tsohon shafin wata ƙaramar makaranta, wanda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu a kansa. Yana gudana ne a kan PHP 5. Ranar da aka saki sakamako shafin ya zama fari fat, ba rubutu ba saƙo, iyaye na ta kiran shugabar makarantar, ita kuma tana kirana. Wanda ya fara gina shi ya so ɗan aikensa ya yi shiru, sai ya bi gajeriyar hanya: ya sa alamar @ a gaban umarnin ɗauko fayil. Wannan alama ba ta zaɓe, duk wani ƙorafi take toshewa. Fayil ɗin yana nan, an same shi, amma an manta da waƙafi mai ruwa a layi guda, kuma kukan da zai nuna lambar layin an shaƙe shi. Alama ɗaya ta cinye mini yini. "Ban samu ba" daban, "na samu amma a fashe yake" daban. Na farko a yi shiru, na biyu dole a faɗa. Abin da Composer ke yi ke nan tun zuwansa a 2012: ya fara duba ko fayil yana nan, in babu ya wuce, in yana nan ya buɗe shi ba tare da toshe masa baki ba. Sai a PHP 8 ta 2020 aka raba alamar @ da ikon ɓoye manyan kurakurai, kuma a ganina an makara.

Saura guda, wadda na san za ta ba ɗaliban ƙa'idojin rubutu dariya. Windows ba ta damu da bambancin babban baƙi da ƙarami a sunan fayil ba, amma Linux, wadda akasarin shafuka ke zaune a kanta, ta damu ƙwarai. Sai ka ga aiki yana tafiya lafiya lau a kwamfutar mai shi, da an ɗora shi a intanet a ce ba a ga aji ba, alhali fayil ɗin na nan, baƙi ɗaya ne ya sha bamban. Wannan ciwo mun san shi. Wanda ya nemi ƙafa a babin k zai tarar da kafa, ya karanta bayanin kafa gari ko kafa tuta, ya rantse cewa ƙamus ya manta da abin da muke takawa da shi. Shi ya sa duk lokacin da aka ce mini aji ya ɓata, kafin in taɓa ɗan aike nakan fara ɗora sunan ajin kusa da sunan fayil, in bi su baƙi bayan baƙi, kamar yadda malaminmu ke bin lanƙwasa da jan biro.