Auta, Ba Kowace Dariya Ce Ke Riƙe Aure Ba

Ƙanƙara.

Zuwa ga ƙanina Auta,

Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da mutanen Faskari baki ɗaya. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi, har ta soma fitowa tsakar gida da kanta.

Na ga ya fi in rubuto maka da in kira ka a waya, don na san halinka. Da na ɗauko maganar za ka sako barkwanci, in yi dariya, shi ke nan zance ya bi ruwa. Wannan kuwa ba na so ya bi ruwa.

Maganar matarka ce. Kada ranka ya ba ka cewa ƙara ta kawo. Wallahi ba ta ce da ni uffan ba, kuma ka san 'yar Kawu da zurfin ciki. Abin da idona ya gani ne ranar sunan gidan Yaya Babba, lokacin da ka shigo cikin mata ka kwaikwayi yadda ta zabura ta faɗa bayan gado daren da tayar wata mota ta fashe a bakin titi. Ka iya kwaikwayo, kowa ya shaida, wasu har da riƙe ciki. Ita ma ta yi murmushi, kanta a sunkuye, tana murza gefen mayafinta. Daga nan ba ta ƙara kai loma bakinta ba har aka watse.

Na san amsar da ke bakinka: ai taubashiyarka ce, tun kuna yara kuke tsokanar juna. Gaskiya ne. Ɗan mace da 'yar namiji, wasa gadonku ne. Ban manta da yadda kuke cika gidan Kawu a Sabuwa da rigimar kuɗin shara duk watan cika-ciki ba, kowa na rantsuwa ɗan'uwansa ne bawa. Kuma ba ni raina wannan al'ada. Ita ce tsakanin jika da kaka, tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, mu Katsinawa da Nufawa. Mutanen Nijar har gaban hukumar UNESCO suka kai ta, aka sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014, saboda yadda take kashe wutar rigima tsakanin jama'a. To amma ka dubi abin da ke sa wasan tafiya lafiya. Bafulatani ya yaɓa wa Babarbare magana, Babarbare ya rama nan take da wadda ta fi ta zafi, a tashi ba mai bin wani bashi. Ramuwar nan ita ke riƙe da abin. Duk wasan da gefe ɗaya ne kaɗai ke da bakin magana, ya tashi daga wasa ya koma cin fuska.

Ranar da aka ɗaura muku aure, kai bakinka bai ragu da komai ba, ita kuwa nata aka ɗaure. Ko sunanka ba ta iya kamawa a gaban mutane. Inna, wadda da gwaggonta ce kawai tana hawa gadonta ta yi barci, yau surukarta ce, ido ma ba ta cika haɗawa da ita ba. Da wane baki za ta rama? In ta rama a ce ba ta da kunya, ta raina miji. In ta ɓata rai a ce ba ta san wasa ba. Murmushin da kake gani har kake cewa ai ita ma tana jin daɗi, shi ne kaɗai abin da al'ada ta bar mata ta yi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan magana. Wani malamin jami'a a Kanada, Rod Martin, shi da abokan aikinsa sun fitar da ma'auni a 2003 wanda ya kasa raha gida huɗu. Akwai wadda ake yi don a jawo mutane jiki, kowa ya sake. Akwai wadda mutum ke rarrashin zuciyarsa da ita idan duniya ta yi zafi. Sai ba'a da izgili da ake yi a kan wani, sai kuma wadda mutum ke zubar da darajar kansa don a yi dariya a karɓe shi. Biyun farko kaf gidanmu ba wanda ya kai ka. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, da ka juyo kan matarka sai ta ukun ta fito.

Daga baya Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya tattara bincike 39 da aka yi a kan mutane fiye da 15,000, ya fitar da sakamako a 2017. Abin da ya samu ya kamata kai musamman ka ji shi. Kasancewar mutum gwanin ban dariya a idon jama'a ba shi ne ke sa abokin zamansa jin daɗin zaman ba. Abin da ya fi tafiya tare da gamsuwa shi ne rahar da su biyun suka ƙulla tare, irin abin da za su haɗa ido a cikin taro su danne dariya, ba wanda ya san dalili sai su. Ba'a ga abokin zama kuwa da rashin gamsuwa take tafiya. Akwai kuma John Gottman, wanda ya shafe shekaru a Jami'ar Washington yana ɗaukar ma'aurata a bidiyo suna tattauna abin da ke haɗa su faɗa, sannan ya bi sawunsu ya ga su wa suka zauna, su wa suka rabu. Cikin alamomin mutuwar aure bai ga wadda ta kai raini ba, kuma cikin siffofin rainin ya lissafa gatse, da laƙabin banza, da kwaikwayon mutum don a muzanta shi.

Turawa aka fi yi wa wannan bincike, inda mace ke iya ce wa miji ya isa haka a gaban kowa. In a can ma ba'a tana cin aure, ina ga nan da kunya ta rufe wa mace baki?

Sai maganar tsoron nata, wadda ita ta hana ni barci. Auta, a Sabuwa ta tashi, bakin dajin da ya haɗe da ƙasar Birnin Gwari. Kai da bakinka ka ba mu labarin dararen da mutanen gidan Kawu suka kwana cikin dawa, da yadda ƙarar babur bayan isha'i take sa uwa ta toshe bakin jaririnta. Mu nan Ƙanƙara, tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe yaran makarantar sakandaren kimiyya, ko da yake an sako 344 ranar 17 ga watan, akwai iyayen da har yau barcinsu bai koma daidai ba. Ku ma a Faskari ba wanda ya manta harin da aka kai Kadisau cikin watan Yunin waccan shekarar. Wanda ya rayu cikin irin wannan, jikinsa ke zabura tun hankalinsa bai iso ba. Ba ragwanta ba ce, ba ƙauyanci ba ne. Kuma kai kaɗai ka gan ta a wannan hali, cikin ɗaki, tsakar dare. Amana ce ta faɗo hannunka, ka ɗauke ta ka kai taron suna.

Ba cewa nake ba a dariya a kan wannan masifa ba. Ana yi, kuma da ita muka rayu. Ka tuna watan Satumbar 2021, da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kasuwannin dabbobi a rufe, an hana sayar da mai a jarka. Kai ne ka zo ka zaunar da mu kana ba mu labarin yadda mutum ke biyan kuɗin mota har ƙasar Zariya don kawai ya ce wa ɗan'uwansa lafiya lau, ya juyo. Muka yi dariya har Inna ta share hawaye, a ranar da ba mu san abin da gobe za ta zo da shi ba. Allah ya saka maka da wannan. Waccan dariyar tamu ce duka, a kan wahalar da muka sha tare, kowa ya tashi ya ji nauyi ya ragu masa. Ta ranar suna kuwa mutum ɗaya aka ɗora wa nauyin, sauran suka sha daɗi.

Akwai kuma tsokanar nan da maza suka mayar abin hira: kaka ta kusa, in na sayar da masara zan yi miki ƙanwa. Ƙarin aure halal ne, ba a nan gardamata take ba. In za ka yi, magana ce ta zama da natsuwa. Amma ka riƙa jefo ta duk sanda tuwo ya yi gudaji, koya mata kake yi cewa zamanta a gidanka ba shi da tabbas. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne wasa da kalmar saki. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa aure da saki da kome ba a yi musu uzurin wasa, kuma a kan haka malamanmu na Malikiyya suke. Na san gidan da miji ya furta cikin raha a gaban abokai, washegari aka wuni a zauren malam ana neman mafita. Izgili da jifan juna da mummunan laƙabi kuwa, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana su tsakanin muminai, kuma ba ta ware matar mutum ba.

Ka san inda irin wannan ke ƙarewa? Mace in an hana ta ramuwa a fili ba ta rasa hanya. Habaici namu ne tun kaka da kakanni, a bakin turmi, a sunan kyanwa, a faɗan da ake yi wa yaro alhali da ubansa ake. Yanzu kuma ya hau waya, ana liƙa shi a WhatsApp kowa ya gani. Gida in ya kai nan, shi gatse, ita gugar zana, yara na ji suna koya. Amma ɗaya hanyar ta fi ba ni tsoro, kuma ita na ga alamar ta soma bi. Da na yaba girkinta kwanaki, sai ta ce tana dariya, “Yaya, mu ƙauyawa matsorata me muka iya?” Kalmominka ne, Auta, a bakinta. Tana riga ka faɗa ne don kada ta ji daga gare ka. Wannan ita ce raha ta huɗu a lissafin Martin, wadda ya samu tana tafiya tare da damuwa da raina kai. Yarinyar da na sani tana tare ka a zaure ta ƙure ka da magana, ban so in ga ta zama haka ba.

Kada ka karanta wannan ka ce to shi ke nan, daga yau ka ɗaure fuska. Wannan ma cuta ce, kuma ta fi taka yawa a garuruwanmu. Maigidan da a teburin mai shayi shi ke riƙe da hira, amma da ya yi sallama a ƙofar gida yara su shige ɗaki, matar ta kashe rediyo, shi kuma yana ganin kwarjini ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa. Bayan wani zamani suka sake, shi ya tsere mata, ya tuna mata da na farko yana dariya. Ka lura da abu biyu a labarin: sai da ya ce sahabbai su yi gaba tukuna, kuma kowannensu ya samu ranar da ya ci.

Don haka ba bakinka nake so ka rufe ba, wuri nake so ka sauya wa wasan. A cikin ɗaki, inda take da bakin ramawa, ka tsokane ta, ka kuma bari ta kayar da kai. In ta sake, harshenta ya fi naka kaifi, kai ma ka sani. Ka kawo mata labarin dillalan kasuwar Sheme da rantse-rantsensu, ka kwaikwayi kanka ranar da ka sha ciniki, ku tara abin dariyar da yake naku ku kaɗai. A gaban mutane kuwa, in zancenta zai fito daga bakinka, ya fito da yabo ko ka bar shi. Tsoronta, da jikinta, da gidan Kawu, da jinkirin haihuwar nan da na ji ka taɓa yi wa shaguɓe, waɗannan ka cire su daga wasa kwata-kwata, ko ku biyu ne. Ka tuna auren zumunci ne. In ya tsage ba ku kaɗai zai raba ba, Inna da Kawu ciki ɗaya suka fito.

Kuma ka ba ta haƙuri kan abin da ya faru, ba cikin raha ba. Za ta ce ba komai, don haka aka rene ta. Kada ka tsaya a nan. Ka tambaye ta waɗanne maganganu ne ke yi mata ciwo, sannan ka yi shiru har ta gama, ko da shirun ya yi maka tsawo, ko da wani barkwanci ya zo maka baki. Ba sai ka nuna mata takardar nan ba, za ta ji kunyata, ta ɗauka ita ta jawo maka faɗa.

Bayan girbi in hanya ta yi kyau zan shigo Faskari in kwana biyu. Inna ta ce ka aiko mata da sabuwar masara in an soma cirewa, kuma don Allah ka daina tafiyar yamma a hanyar Sheme. Ka gaishe mini da ita, ka ce ina nan tafe da daddawar da ta ce in sayo mata.

Wassalam.

Yayarka.