Duwatsun Shira da Gadojin Butura

Daga Azare na hau mota zuwa Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni tsohon garin Shira. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, gero da dawa hagu da dama, sai ga duwatsu sun tsaya kamar an jibge su da gangan. A gindinsu masarautar Shira ta zauna tun kafin Malam Zaki ya kafa Katagum a zamanin jihadi.

Zanen da ke jikin duwatsun na zo gani. Wani dattijo ya yi mini jagora, yana tafe yana cewa, "Sannu dai, malam, a kula da santsi." A ƙarƙashin wani dutse mai rumfa ya nuna mini shanu da jan launi, wasu da maruƙa suna shan nono, ga siffofin mutane kusa da su. Mai zanen ya san saniya, ko shakka babu. Zanen yana cikin jerin abubuwan tarihin da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, take kula da su.

A jerin nan akwai gadojin dutse na Butura da Forof da Tading a ƙasar Bokkos, Jihar Filato. Babu siminti a jikinsu. Jera duwatsu aka yi, aka ɗora faffaɗa a sama, aka bar kafofi ruwa ya wuce, nauyin dutsen shi ke riƙe ginin. Na tuno su ne saboda a daminar 2024 ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a nan ƙasar Katagum, titin kwalta na zamani. Magabatan Butura ba su yi jayayya da ruwa ba, hanya suka ba shi.

Gada tana da gata, domin mai tsallaka ta ba zai bari ta rushe ba. Zanen Shira fa? Ba a bi ta kansa zuwa kasuwa, kuma suna a takardar Abuja ba ya hana yaro goga gawayi a kansa. Abin da nake fata shi ne masarautar Katagum da ƙaramar hukuma su ɗauki mai gadi daga cikin 'yan garin, su biya shi albashi, a riƙa kawo ɗaliban Azare da Yana su gani.