Kwana Biyu a Jega, Bakin Gulbin Zamfara

Idan ka taso daga Sakkwato ka bi hanyar Tambuwal, tun kafin ka ga Aliero hancinka zai gaya maka ka iso. Garin albasa ke nan. Manoman wurin ba su ajiye albasarsu a ƙasa. Su kan kafa itatuwa su ɗaga ta sama, su rufe da ciyawa, domin iska ta shiga, danshi kuwa kada ya taɓa ta. Na dube su ta tagar mota na wuce. Ban gane darasin ba sai da na kwana a Jega.

Jega gari ne na kasuwa tun zamanin dā, nan ne kuma hanya ta rabu: ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta yi kudu ta Maiyama zuwa Yawuri. Gulbin Zamfara ya bi ta gefen garin. Da rani za ka gan shi kwance, yara suna wasa a bakinsa, fadama kuma ta yi kore da shinkafa da kayan lambu. Amma ruwan nan daga nesa ya ke zuwa, daga ƙasar Zamfara, ya ratso Gummi kafin ya iso. Saboda haka ana iya kwana uku ba a ga ɗigon ruwan sama a Jega ba, a wayi gari gulbi ya cika ya shiga gonaki.

Haka ya faru a damunar 2020. An ba da rahoton cewa ambaliya ta cinye gonakin shinkafa kimanin hekta 450,000 a Jihar Kebbi, gidaje da yawa kuma suka zube. A watan Agusta na 2024 mutanen Gummi su ma suka sha tasu.

Mai masaukina ɗan ƙasar Zuru ne, ya daɗe a Jega. Ya ce mini, "Malam, a shekaran nan ba hatsin ci ne ya fi ƙona mini rai ba. Iri ne. Ruwa ya janye, ga fadama, ba abin shukawa." Tun daga lokacin, irinsa yana cikin jarkar roba mai murfi, a rataye can kusa da rufi, kamar albasar Aliero.

Uwargidansa ce ta nuna mini sauran shirin, kuma a ganina nata ya fi nasa. Tana da bokiti guda mai murfi a bayan ƙofa, ba mai taɓa shi. A ciki akwai takardar aure, da takardun haihuwa da na makarantar yara, da katin asibiti, duka an naɗe cikin leda biyu. Akwai tocila, ashana, sabulu, garin rogo, gishiri da sukari, da 'yan kuɗi kaɗan. Na tambaye ta, "Uwargida, gishiri da sukari fa?" Ta ce bayan ambaliya rijiyoyi su kan gurɓace da ruwan masai, sai amai da gudawa su biyo baya, yara kuwa su ne kan fara galabaita. A tafasa ruwa lita ɗaya, ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba mara lafiya kaɗan kaɗan har a kai shi asibiti. Ta koya wa babbar 'yarta, domin ba ta san ko tana gida ran da za a bukata ba.

Abin da ya fi kashe mutane a irin wannan lokaci, in ji maigida, shi ne bangon ƙasa da ya sha ruwa, ya faɗo da dare a kan masu barci. Don haka ya kan yi yaɓe ya gyara indararo tun watan Afrilu, ya kuma share magudanar ƙofar gida. In bango ya tsage ko gindinsa ya jiƙe, ba mai kwana a ɗakin, ko da za a cunkushe a zaure. Ya kan saurari rediyo domin gargaɗin hukumar NiMet, amma yana da aboki direba mai bin hanyar Gummi, wanda kan buga masa waya in ruwa ya taso can.

Sun kuma shirya da wani maƙwabci Bahaushe, abokin cinikinsa, mai gida a kan tudu. Kowane yaro ya san gidan, ya san wanda zai riƙe wa hannu, ya san ba a ratsa ruwa mai gudu ko da bai wuce gwiwa ba. Babban ɗan shi ne zai kwance awaki, gama dabbar da ke ɗaure a turke ba ta iya ceton kanta.

Da safe na hau motar Maiyama. Muna haye gada na leƙa, ruwan bai kai ko rabin gaɓa ba, wani mutum yana wanke babur a ciki.